Filin Tambaya da Amsa: Shin jirgin Oceanis 46.1 ya dace da mai iyali?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan wata, kuma dukkansu sun ta'allaƙa ne a kan jirgin ruwa guda mai tafiya da iska, wanda kamfanin Beneteau na ƙasar Faransa ya ƙera. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Kano ne, injiniya, kuma shekarata goma sha ɗaya ina aiki a Southampton ta ƙasar Ingila. Abokan aiki ne suka ja ni cikin harkar tuƙa jirgin iska, har na yi kwas ɗin kwana biyar da ake kira Day Skipper na RYA, hukumar masu tuƙa jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, na karɓi takarda. A wajen baje kolin jiragen ruwa da ake yi a garin nan kowane watan Satumba na shiga cikin Oceanis 46.1, kuma tun ranar ya tsaya mini a rai. Mu shida ne: ni, uwargida da yara huɗu, babban yana da shekara 14, autar kuma 5. Yanzu na ga wani na hannu ana sayarwa. Shin ya dace da iyali irin nawa, ko kuwa ya fi ƙarfina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Injiniya. Abin da ka ji a ranka lokacin da ka sauka cikin falon jirgin nan shi ne ainihin abin da maƙeransa suka so ka ji, don haka ya kamata mu fara da sanin su wane ne su da kuma wanda suke ƙera wa jirgi. Benjamin Bénéteau ya kafa masana'antar a shekarar 1884 a Croix-de-Vie, a gaɓar tekun yammacin Faransa, yana sassaƙa wa masunta jiragen katako. Jikokinsa ne suka juya akalar kamfanin zuwa jiragen shaƙatawa na faiba a shekarun 1960, kuma tun 1986 suke fitar da jerin jiragen da suka sa wa suna Oceanis, waɗanda aka yi domin iyali da kamfanonin haya. Wannan da ka gani ya fito ne a 2018. Pascal Conq ne ya zana gangar jikinsa, kamfanin Nauta Design na Italiya ya tsara cikinsa, sannan a 2019 alƙalan mujallun jiragen ruwa na Turai suka ba shi kambun jirgin shekara a rukunin jiragen iyali. An ƙera shi ne kamar yadda ake buga bulo, wato ma'auni ɗaya ake zuba wa faiba ana fitar da ɗaruruwa iri ɗaya, kuma wannan ne ya sa farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na jirgi mai girmansa wanda aka ƙera da hannu bisa oda. Wani amfanin yawansa shi ne, duk tashar da ka shiga a Bahar Rum za ka sami makanikin da ya san shi da kuma kayan gyaransa.

Tsawonsa mita 14.6 ne, faɗinsa mita 4.5, nauyinsa ba tare da kaya ba ya haura tan goma da rabi kaɗan, jigon da ke riƙe da ƙyallayen iska kuma ya tashi sama da mita 20 daga fuskar ruwa, kusan tsayin bene mai hawa shida. Ƙarfen da ke rataye a ƙarƙashinsa domin hana shi kifewa yana nutsa mita 2.35, ko kuma mita 1.75 idan gajeren aka sa masa, injinsa na dizal kuma ƙirar Yanmar ne mai ƙarfin doki 57. Dabarar da Conq ya yi ita ce ya bar ɓangaren da ke cikin ruwa a tsuke domin jirgin ya ratsa ruwa da sauƙi, sannan ya buɗa gangar daga saman layin ruwa kamar an yi mata matakala, ta yadda ɗakin gaba ya sami faɗin da a da sai a jirgin da ya fi wannan tsawo ake samu. Gadon wannan ɗaki ana hawansa ta gefe biyu, abin da duk wanda ya taɓa rarrafawa cikin ɗakin goshi na tsohon jirgi zai san darajarsa.

Ta fuskar zama, ba ni da wani ƙorafi mai nauyi. An yi shi da ɗaki uku, huɗu ko biyar, kuma shawarata ita ce ka nemi mai ɗaki uku: kai da uwargida a gaba, 'yan mata a ɗaki ɗaya na baya, samari a ɗayan. Mai ɗaki biyar an yi shi ne domin kamfanonin haya da ke ƙidaya kawuna, kuma duk ɗakin da aka ƙara daga wurin ajiyar kaya aka yanko shi. Abin da ya fi burge ni a jirgin shi ne farfajiyar baya, wadda ita ce tsakar gidan jirgi. An mayar da na'urorin naɗe igiya can baya kusa da sitiyari biyu, sai gaban farfajiyar ya zama fili mai teburi da kujeru wanda igiya mai ɗauke da nauyi ba ta ratsawa. Ga mai 'yar shekara biyar wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin igiya da na'urar naɗe ta suna cikin abubuwan da ke ji wa yara rauni a jirgin iska. Ƙofar baya kuma tana sauka ta zama dandamalin shiga ruwa ko hawa ƙaramin kwalekwale.

A tafiya, jirgi ne mai sauƙin hali. Yadda aka fi sayar da shi, babban ƙyalle yana naɗewa cikin jigo, na gaba kuma yana sauya ɓangare da kansa idan ka juya, don haka mutum ɗaya a kan sitiyari zai iya yin kusan komai. Farashin wannan sauƙi shi ne ƙyallen gaban ƙarami ne, kuma idan iska ta yi sanyi jirgin yakan yi nauyin jiki har ka gaji ka tayar da inji, sai fa idan mai shi na farko ya sayi babban ƙyalle mara nauyi da ake ɗaurawa a tsinin goshi. Ka tambaya ko akwai shi cikin cinikin. Idan iska ta yi daidai za ka riƙa yin kilomita 12 zuwa 14 a sa'a ba tare da wahala ba, kuma da wuya ya wuce 16 ko 17, domin tsawon gangar jirgi irin wannan shi ke ƙayyade iyakar gudunsa. Inda yake nuna rauninsa shi ne lokacin da kake fuskantar iska da gajerun raƙuman ruwa, irin waɗanda ka sani a mashigin Solent da ke kusa da Southampton idan iska da jan ruwa suka saɓa wa juna. Ƙasan goshinsa shimfiɗaɗɗe ne, sai ya riƙa faɗowa a kan ruwa da ƙara mai girgiza kwanuka, kuma falon nan mai faɗi da ya sace maka zuciya yakan zama fili mai nisa da mutum zai faɗi a ciki kafin hannunsa ya sami abin kamawa.

Amma ba a tsakiyar teku nake jin tsoron jirgin nan a hannunka ba, a cikin tasha ne. Allunan juya shi guda biyu ne, ɗaya a kowane gefe, kuma suna riƙe shi da kyau idan ya karkata a cikin iska. Sai dai farfelar inji tana tsakiya, ruwan da take turawa ba ya bugun ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka idan jirgin ba ya tafiya sitiyari ba ya jin magana. Ga shi kuma gefensa yana da tsayi, iska tana kama shi kamar bango. Na taɓa shiga da irinsa wata ƙaramar tasha a tsibiran Girka da la'asar, ina ja da baya domin in ɗaure shi ta gindi kamar yadda ake yi a can, sai iska ta ɗauke goshin ta kwantar da mu a kan sarƙar ankar maƙwabcinmu, kuma sai da mutum huɗu suka taimaka kafin muka rabu. Tan goma sha biyu da kaya ba abin da ake tarewa da hannu ko ƙafa ba ne, kuma wanda ya gwada yakan ƙare a asibiti. Kada ka sayi wanda ba shi da ƙaramar farfelar goshi da ke tura shi gefe, amma kuma kada ka ɗauka ita za ta maye gurbin ƙwarewa.

Wannan ya kawo ni ga abin da wasiƙarka ba ta ambata ba, wanda kuma shi ne ainihin amsar tambayarka. Ka faɗa mini takardar da kake da ita, ba ka faɗa mini abin da uwargida ta iya ba. A jirgin iyali, babba ɗaya yana tuƙi ne, ɗayan yana kula da yara, kuma ranar da aka sami matsala duka ayyukan biyu suna faɗawa kan mutum guda. Ka tambayi kanka: idan ka zame ka faɗa ruwa, shin za ta iya naɗe ƙyallaye, ta tayar da inji, ta juyo da jirgi mai mita goma sha huɗu, ta kira agaji ta rediyo a tasha ta 16, sannan ta fito da kai daga ruwa mai sanyi, alhali yara huɗu suna kuka? Idan amsar a'a ce, to jirgin ya fi ƙarfin gidanku a yau, ko da bai fi ƙarfinka ba. Maganin abin kuwa ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin jirgi: ita ma ta yi kwas, babban ɗanka ma ya yi na masu taimaka wa matuƙi, sannan ku yi hayar irin wannan jirgi na mako guda a wuri mai sauƙin iska kamar tekun Ioniya da ke yammacin Girka, ku ɗauki ƙwararren matuƙi na kwana biyun farko. A ƙarshen makon za ka san ko iyalinka suna son teku ko kuwa kara suke yi maka.

Game da kuɗi, sayen jirgi shi ne mafi sauƙin ɓangaren. Masu harkar suna da wani ƙiyasi na baka cewa riƙon jirgi yakan ci kusan kashi goma cikin ɗari na darajarsa a kowace shekara, kuma ko da lissafin bai zo daidai ba, yana nuna inda aka dosa. Tashoshi suna cajin wurin ajiya ne bisa tsawon jirgi, kuma na yankin Solent suna cikin mafi tsada a Ingila. Ga inshora, ga fitar da shi daga ruwa duk shekara a kankare gindinsa a shafa fentin da ke hana tsiro da ƙananan halittun ruwa mannewa, ga wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigo waɗanda aka saba sauyawa bayan kimanin shekara goma. Idan na hannun da ka gani ya fito ne daga kamfanin haya, ka sani cewa ya yi aikin shekaru masu yawa cikin 'yan kaɗan a hannun baƙi. Ko daga ina ya fito, kada ka biya ko kwabo sai ƙwararren mai binciken jirage, wanda kai ka ɗauka ba mai sayarwa ba, ya duba shi a kan tudu. Kuma idan bayan hayar kuka ga cewa makonni uku ko huɗu kawai za ku riƙa samu a shekara, ci gaba da haya ya fi maka riba nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni 'yar Damagaram ce, muna zaune a Marseille ta ƙasar Faransa. Maigida ya ce zai yi mana hayar wannan jirgi na mako guda lokacin hutun yara, mu tafi tsibirin Kosika. Yarana uku, biyu daga cikinsu ba su iya iyo ba, ni ma haka. Ina kuma tunanin girki, tsarki da salla. Ban so in hana shi abin da yake so, amma hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya, rashin kwanciyar hankalinki yana bisa hanya, kuma a jirgi irin wannan mai tsoro kaɗan ya fi mai gaba gaɗi amfani. A Faransa doka ba ta tilasta wa mai tuƙa jirgin iska a teku riƙe lasisi ba, kamfanonin haya tarihin gogewarsa kawai suke tambaya, saboda haka ba shi jirgi da aka yi ba shaida ba ce cewa ya isa tsallakawa da ku zuwa Kosika. Tafiyar tana haɗawa da kwana a buɗaɗɗen teku, ga kuma iskar mistral da kika sani sarai a Marseille, wadda kan taso daga arewa maso yamma da ƙarfi ta yi kwanaki. Ki roƙe shi a karon farko ku tsaya a kusa: tsibiran Frioul suna gaban garinku, Porquerolles da Port-Cros kuma suna gabas kaɗan, kowannensu tafiyar yini ko ƙasa da haka, kuma akwai wurin fakewa idan yanayi ya sauya.

Kafin lokacin, ke da yaran ku shiga koyon iyo, ko da na 'yan makonni ne, domin wanda ya saba da ruwa a fuskarsa ba ya firgita. Kowane yaro ya sami rigar ceto daidai nauyinsa mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu, ya sa ta duk lokacin da ya fito daga ciki, har a kan gadar tasha, inda yara kan faɗa ruwa. Ku nemi kamfanin ya ɗaura raga a kewayen jirgin. Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya miki ba: mayafi mai jan ƙasa, hannun riga mai faɗi da babbar riga duk abokan gabar na'urar naɗe igiya ne, musamman mai aiki da lantarki, wadda ba ta san bambancin igiya da gefen gyale ba. Ki sa hijabi gajere ko ɗankwali da aka ɗaure tamau, da riga mai tsukakken hannu, shi ma maigida ya bar manyan kaya a gida.

Girki ba zai ba ki wahala ba. Murhun gas ne da aka rataye yadda zai riƙa lilo yana daidaita kansa idan jirgi ya karkata, yana da maƙalan riƙe tukunya, akwai kuma firji. Duk da haka ki yi miya a gida ki daskarar, ki bar tuƙa tuwo da suya da mai mai yawa sai an jefa anka. Ki riƙa rufe gas daga tukunyarsa bayan kowane girki, domin ya fi iska nauyi, idan ya zurara ƙasan jirgi yake taruwa ba shi da mafita. Kaskon turaren wuta kuwa kada ya shiga jirgin ko kusa. Ruwan daɗi shi ne zai koya muku tattali, domin tankin da jirgin ke zuwa da shi lita 370 ne, kuma idan ku biyar kowa ya kashe lita 20 a yini tsakanin wanka, alwala da wanke-wanke, bai kai kwana huɗu ba. Banɗakin jirgi yana toshewa da takarda, don haka mu masu buta mun fi kowa dacewa da shi. Alƙibla daga gaɓar tekunku tana wajen digiri 116, tsakanin gabas da kudu maso gabas, kuma akwai kamfas a gaban sitiyari. Sai dai jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, don haka ki duba kamfas ɗin dab da za ki tayar da salla, hukuncin abin da za ki yi idan ya juya kina tsakiyarta kuma ki tambayi malaminku tun kafin tafiya. Wanda jiri ya kama ya fito sarari ya zuba wa inda sama ta haɗu da ruwa ido, kada ya sauka ciki ya kwanta.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Kaduna, a intanet kawai nake ganin waɗannan jirage. Shin wannan zai iya tsallaka Tekun Atlantika? Kuma mutum zai iya kawo shi Najeriya?

AMSA: Zai iya, ɗan'uwa, kuma irinsa da yawa sun yi. Yana da shaidar Tarayyar Turai ta rukunin A, wadda ake bai wa jirgin da aka tsara domin iska mai ƙarfin da ya wuce mataki na 8 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort da raƙuman ruwa da suka haura mita 4. Kowane watan Nuwamba tun 1986 ayarin jirage da ake kira ARC yana tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa yankin Karibiyan (tun 1990 a tsibirin Saint Lucia yake ƙarewa), tafiyar mil 2,700 na teku da kan ɗauki kusan mako uku, kuma jiragen masana'anta irin wannan suna da yawa a cikinsa. Amma suna bin iskar da ke tura su daga baya ne a lokacin da ya dace, bayan an ƙara musu na'urar tace ruwan gishiri, farantan sola da jarkokin mai, domin tankin dizal ɗinsa lita 200 ne kacal.

Shaidar takarda tana magana ne a kan jirgi sabo. A watan Mayun 2014 wani jirgin kamfanin na wani samfuri daban, First 40.7 mai suna Cheeki Rafiki, ya rasa ƙarfen ƙasansa a tsakiyar Atlantika yana dawowa Ingila daga tsibirin Antigua na yankin Karibiyan, ya kife, mutum huɗun da ke ciki suka rasu. Masu binciken haɗurran ruwa na Birtaniya sun nuna cewa mai yiwuwa karon da ya sha yi da ƙasa a baya da gyare-gyaren da suka biyo baya ne suka raunana wurin da ƙarfen ke haɗe da gangar jirgi. Shi ya sa na ce wa Injiniya a fitar da jirgi kan tudu a duba kafin a biya.

Kawo shi Najeriya kuwa mai yiwuwa ne ta teku zuwa Legas, inda akwai kulob na masu jiragen iska da ya daɗe, amma jirgi mai nutsa fiye da mita biyu da jigo mai mita ashirin ba zai sake a ruwan lagun mara zurfi mai gadoji ba, kuma yankin Tekun Gini ya yi fama da 'yan fashin teku, abin da ke sa inshora ta yi wuyar samu. Idan sha'awar koyo ce ke gare ka, ƙaramin jirgi mai mita huɗu da ƙyalle ɗaya, wanda mutum biyu za su ɗaga su ɗora a kan tirela, shi ne abin da za ka nema, kuma a kan irinsa matuƙan manyan jirage da yawa suka fara.